Yadda za ka tattauna da wanda ya ce ɗumamar yanayi ƙaryar Turawa ce

Duk wanda ya taɓa ɗauko maganar ɗumamar yanayi a majalisa ko a teburin mai shayi ya san amsoshin da ke biyo baya. Wani zai ce zafi da sanyi na Allah ne, ɗan Adam bai isa ya taɓa su ba. Wani zai ce Turawa sun gama cin moriyar kwal da fetur, yanzu da aka zo kanmu suke so a rufe rijiyoyi. Wani kuma ya tuna maka da sanyin hunturun bara. Ni malamin labarin ƙasa ne a makarantar sakandare, amma na fi yin wannan muhawara a wajen aji, da iyayen yara da abokan aiki da kawunnaina manoma. Ga yadda nake bi da ita, ko wani zai amfana.

Kafin ka buɗe baki, ka gano tambayar da mutumin yake yi. Tambayoyi uku ne ake cakuɗawa: shin duniya na ƙara zafi, shin mutane ne sanadi, sannan wa zai ɗauki nauyin gyara. Biyun farko na ma'auni ne da bincike. Ta ukun siyasa ce, kuma kowa na da bakin magana a cikinta. A ganina yawancin masu musu a cikinmu ta ukun ce ke damunsu. Mutum yana tsoron a ce masa kada ya tayar da janareta, ko a ƙara masa kuɗin mai, sai ya ga hanya mafi sauƙi ita ce ya ƙaryata batun tun daga tushe. In ka tsaya kana jero masa alƙaluma alhali damuwarsa kuɗin gas ɗin girki ce, har ku tashi ba za ku haɗu ba. Don haka ka tambaye shi kai tsaye: "Alhaji, zafin ne ba ka yarda ya ƙaru ba, ko kuwa abin da ake so mu yi ne bai kwanta maka ba?"

In dattijo ne, ka bar shi ya fara. Ka ce, "Baba, a ƙuruciyarku yaushe ake shukar gero, kuma yaya saukar ruwan take?" Manomin da ya ga farin 1973 da na 1984 ya fi ka sanin halin damina. Shi da kansa zai gaya maka cewa yanzu ruwa kan ɗauke mako biyu ko uku bayan an yi shuka, sannan ya zo a dare ɗaya ya rushe katanga ya kwashe taki. Sai ka ɗora da cewa masu bincike ma sun ga haka. Wani nazari da mujallar Nature ta wallafa a 2017, wanda ya dogara da hotunan tauraron ɗan Adam, ya nuna cewa manyan hadurra masu tsanani a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Dattijo yana jin daɗi ya ji na'ura ta gaskata abin da idonsa ya gani, kuma daga nan kunnensa ya buɗe.

Maganar ƙaddara ita ce ta fi bukatar ladabi, kuma a nan na ga 'yan boko da yawa suna ɓata rawarsu da tsalle. Kada ka taɓa sa mutum ya ji kamar ana so ya zaɓa tsakanin imaninsa da ilimin kimiyya. Ka yarda da shi cewa babu abin da ke faruwa sai da ikon Allah, domin haka ne. Sannan ka tuna masa cewa Allah Ya sanya wa abubuwa sababi. Wanda ya toshe magudanar ruwa da shara har gidansa ya cika, ƙaddara ce ta same shi, kuma hannunsa ne ya jawo. Aya ta 41 a Suratur Rum ta faɗi cewa ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata. Lokacin da Sayyidina Umar ya fasa shiga Sham saboda annoba, aka tambaye shi ko yana gudun ƙaddarar Allah ne, ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah ake gudu zuwa ƙaddarar Allah. A watan Agustan 2015 malamai da masana Musulmi daga ƙasashe daban-daban sun taru a Istanbul sun fitar da sanarwa kan sauyin yanayi, suna kira da a rage ƙona mai da kwal. In kana gaban malamin addini, ka kawo waɗannan a matsayin mai neman ƙarin haske. "Allah gafarta Malam, yaya ake fahimtar wannan ayar?" ya fi "ai Alƙur'ani ma ya faɗa" tasiri nesa ba kusa ba.

Daga nan ka yi bayanin yadda abin yake aiki, a gajarce. Rana na dukan ƙasa, ƙasa ta yi zafi ta mayar da wani ɓangare na zafin zuwa sama. Akwai wasu iskoki a sararin sama, babbarsu a wannan batu ita ce iskar kabon da ke fita in an ƙona fetur ko gas ko kwal ko itace, waɗanda ke tare wannan zafin su hana shi ficewa duka. Kamar bargo ne: ba shi ke ƙirƙirar ɗumi ba, na jikinka yake riƙewa, kuma in ka ƙara na biyu a kan na farko sai gumi. Kafin zamanin masana'antu wannan iska kashi 280 ce cikin miliyan na iskar duniya. Da Charles Keeling ya fara auna ta a kan dutsen Mauna Loa na Hawaii a 1958, ta kai wajen 315. Yau ta haura 420. Kumfar iskar da ta maƙale a cikin tsohuwar ƙanƙarar Antatika ta nuna cewa a shekaru 800,000 da suka shige kafin zamaninmu ba ta taɓa wuce 300 ba.

Ina son a riƙe shekarun da aka gano wannan, domin su ne maganin zargin makirci. Wata Ba'amurkiya, Eunice Foote, ta nuna a 1856 cewa tulun gilashi mai cike da iskar kabon ya fi ɗaukar zafi a rana. John Tyndall ya auna yadda iskar ke tare zafi a Landan a 1859. A 1896 Svante Arrhenius na Sweden ya yi lissafin yadda duniya za ta ɗumama in iskar ta ninka. A lokacin ba a haɗe Najeriya ba, kuma sai a 1956 aka samu mai a Oloibiri. Babu yadda za a yi a ƙulla makircin hana mu sayar da man da ba a ma san muna da shi ba.

Akwai ƙananan hujjoji da za a jefo maka, kuma amsarsu ba ta da tsawo. In aka ce rana ce ta ƙara ƙarfi, taurarin ɗan Adam suna auna hasken rana tun 1978 kuma bai ƙaru ba. Ƙari a kan haka, da rana ce, da duk sararin sama ya yi zafi, amma abin da ake gani shi ne na ƙasa-ƙasa yana ɗumama, na can sama yana yin sanyi, wanda shi ne alamar zafin da aka tare. In aka ce duwatsu masu aman wuta ne, abin da suke fitarwa a shekara bai wuce kusan kashi ɗaya cikin ɗari na abin da mutane ke fitarwa ba. In aka ce ai an yi sanyi bana, sanyin mako guda a Jos ko Funtuwa ba ya auna duniya. Matsakaicin shekaru talatin ake dubawa, a kan tudu da teku baki ɗaya. A wannan ma'aunin, 2024 ita ce shekara mafi zafi tun da aka fara ajiye bayanai, kusan digiri ɗaya da rabi sama da na ƙarshen ƙarni na 19.

Sai babbar magana, wato siyasa. Yana da amfani abokin maganarka ya san cewa su ma Turawan ba bakinsu ɗaya ba, kuma ƙaryata ɗumamar yanayi a can aka raine ta kafin ta iso wayoyinmu. Da farko batun bai raba jam'iyyu ba. Margaret Thatcher, mai ra'ayin mazan jiya, ta yi gargaɗi a kai a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a 1989, kuma George Bush babba, ɗan jam'iyyar Republican, shi ya sa hannu a yarjejeniyar Rio kan sauyin yanayi a 1992. Da aka zo maganar rage ƙona mai ne aka ja daga. A 1997 Majalisar Dattawan Amurka ta kaɗa ƙuri'a 95 ba hamayya cewa ba za ta amince da yarjejeniyar da ba ta ɗora wa ƙasashe masu tasowa nauyi ba, kuma Amurka ba ta taɓa shiga yarjejeniyar Kyoto ta rage fitar da iskar kabon ba. A 2012 Donald Trump ya rubuta cewa 'yan Sin ne suka ƙirƙiro batun don su karya masana'antun Amurka. A 2015 Sanata James Inhofe ya shiga zauren majalisa da dunƙulen ƙanƙara a hannu yana kafa hujja da shi. Trump ya sanar da ficewa daga yarjejeniyar Paris kan sauyin yanayi a 2017, Joe Biden ya mayar da ƙasar a 2021, Trump ya sake sa hannu kan ficewa a Janairun 2025. Ka nuna wa mutum cewa a can ana cewa makircin Sin ne, a nan ana cewa na Turawa ne, kuma duka biyun ba za su zama gaskiya ba.

Abubuwa uku nake ajiyewa don mai taurin kai. Na farko, masana kimiyyar kamfanin mai na Exxon sun yi nasu lissafin tun ƙarshen shekarun 1970, kuma wani nazari a mujallar Science a 2023 ya gano cewa hasashensu ya yi daidai da ɗumamar da aka samu, duk da cewa kamfanin ya shafe shekaru yana sa wa jama'a shakku. Na biyu, Richard Muller, masanin kimiyyar fiziks a jami'ar Berkeley, yana cikin masu shakka. Ya kafa tawagarsa don sake bin alƙaluman, har da tallafin gidauniyar Charles Koch, attajirin da ke harkar mai, sannan a 2012 ya fito ya ce ɗumamar gaskiya ce kuma mutane ne sanadinta. Na uku, kwamitin IPCC na Majalisar Ɗinkin Duniya mai nazarin sauyin yanayi ba ya fitar da taƙaitaccen rahotonsa sai wakilan gwamnatoci sun amince da shi layi bayan layi, kuma cikin ƙasashen da ke ciki akwai Saudiyya da Rasha da Najeriya, masu rayuwa da kuɗin mai. Rahoton Agustan 2021 ya ce babu tantama ayyukan ɗan Adam ne suka ɗumama iska da teku da tudu, kuma sun amince.

Bayan wannan, ka ba shi gaskiyarsa, kuma ka ba shi da zuciya ɗaya. Afirka duka ba ta fitar da kashi huɗu cikin ɗari na wannan iska. Ƙasashen da suka yi arziki da kwal sun yi alkawarin dala biliyan 100 a shekara kafin 2020, kuma ba su cika a kan lokaci ba. Sai a taron 2022 a Sharm el-Sheikh ta Masar aka amince da kafa asusun biyan asarar da ƙasashe matalauta ke yi. Matar da ke hura icce a ƙauye saboda gas ya fi ƙarfinta ba ita ta ɗumama duniya ba, kuma zalunci ne a ɗora mata laifin. Ni ina da ra'ayin cewa Najeriya na da haƙƙin amfani da iskar gas ɗinta ta samar da lantarki, maimakon a ci gaba da ƙona ta a banza a Neja Delta. Amma wannan hujja ba ta da ƙarfi sai a bakin wanda ya yarda ɗumamar gaskiya ce. Wanda ya ce ƙarya ce ya yafe diyyar da ake bin masu laifi tun kafin a zauna.

Ka kiyayi wuce gona da iri, domin ƙari ɗaya in aka kama ka da shi zai rushe duk abin da ka gina. Ana yawan cewa ɗumamar yanayi ce ta ƙafar da Tafkin Chadi. Gaskiya tafkin ya ragu daga kusan murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na hakan a shekarun 1980, amma farin wancan lokacin da janye ruwa don noman rani suna da babban hannu, kuma ruwan ya ɗan dawo daga baya. Ambaliyar Maiduguri ta Satumban 2024 ruwan sama mai yawa ne, haɗe da madatsar Alau da ta daɗe tana neman gyara. A ta 2022, wadda ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya, akwai sakin ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru da gine-gine a kan hanyar ruwa, duk da cewa masu bincike sun gano ɗumamar ta ƙara wa ruwan daminar ƙarfi. Ka faɗi duka biyun. In ka ɗora komai a kan sauyin yanayi, ka ba jami'in da ya yi sakaci mafaka. Inda hujjar ta fi tsabta shi ne zafi: a farkon Afrilun 2024, ana cikin azumi, garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5, kuma masanan da suka bincika sun ce irin wannan zafin ba zai yiwu ba in ba don ɗumamar da mutane suka jawo ba.

Kada ka nemi mutum ya sallama a gaban jama'a, musamman wanda ya girme ka. In ka ga ya yi shiru ko ya canza magana, ka bar shi haka, ka karkata zancen zuwa abin da za ku iya yi tare ko da bai gamsu ba. Misalin da na fi kawowa na maƙwabtanmu ne. A yankunan Maraɗi da Damagaram, tun daga shekarun 1980, manoma suka daina sare tohon gawo da sauran itatuwan da ke fitowa daga tsoffin kututture a gonakinsu, suna rage rassa suna barin masu ƙarfi su girma. An kiyasta cewa hakan ya dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan biyar. In abokin maganarka manomi ne, ka tambaye shi kututture nawa ne ke toho a gonarsa, ka kuma tura masa hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, ke fitarwa a farkon kowace shekara kafin ya sayi iri.