Darasi na Tara: Iskar da Muke Shaƙa a Ɗaki

Kafin mu fara karatu, malami zai kunna kyandir a kan tebur, ya kifa masa tambulan na gilashi. Ku zuba ido. Wutar za ta yi ta raguwa, ba da jimawa ba ta mutu, alhali ba wanda ya hura ta. Me ya kashe ta?

Iskar da ke kewaye da mu gauraye take, kamar yadda ake haɗa hatsi iri-iri a buhu guda. Da za a auna ta da mudu 100, mudu 78 wata iska ce mai suna naitirojin, mudu 21 kuma oksijin. Ragowar mudu guda ya ƙunshi wasu iskoki, cikinsu har da kabon dayoksaid, wadda muke fitarwa idan mun numfasa. Oksijin ce jikinmu ke buƙata, ita ce kuma abincin wuta. Kyandir ya cinye wani kaso na wadda ke cikin tambulan, ba hanyar da sabuwa za ta shiga, shi ya sa ya mutu.

To, ɗakin da aka rufe ƙofarsa da tagarsa ruf, aka toshe kafofi da tsumma saboda sanyin hunturu, bai da bambanci da wannan tambulan.

Idan wuta tana samun isasshiyar iska, tana fitar da kabon dayoksaid da tururi. Idan iska ta yi mata kaɗan, sai ta riƙa fitar da wata guba mai suna kabon monoksaid. Ku rubuta wannan suna a littafinku, don shi ne kan darasin yau. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye. Hayaƙin ɗanyen itace yana korar mutum daga ɗaki da kansa. Garwashin gawayi kuwa jajur yake, tsaf, ba hayaƙi, mutum ya ɗauka lafiya lau ne, ya ja bargo. A cikin jini akwai abin da ke ɗaukar oksijin ya kai ta ƙwaƙwalwa da zuciya. Wannan guba tana manne masa fiye da oksijin sau sama da 200. Mutum yana numfashi, amma jikinsa yana shaƙewa daga ciki.

Alamun farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala. Da yawa sukan ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne. Wani lokaci idan aka wayi gari mutanen ɗaki guda duk sun suma, sai a ce aljanu ne suka taɓa su, ko an sa musu wani abu a tuwon dare. Abin da nake roƙonku ku fara tambaya shi ne: an kwana da kaskon wuta? An kunna janareto a kusa? Idan mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka kamu da ciwon kai lokaci guda, kuma suka ji sauƙi da suka fita tsakar gida, ku zargi iskar ɗakin.

Maganar janareto tana ci mini rai ƙwarai. Saboda tsoron ɓarayi ko ruwan sama, mutane kan shigar da shi zaure, ko ƙarƙashin bene, ko shagon da yaron shago ke kwana. Ƙaramin janareto yana iya cika rufaffen wuri da guba cikin ɗan lokaci. Wurinsa waje ne, nesa da ƙofa da taga kamar mita 6, bakin salansa yana kallon nesa da ɗaki. Idan ana tsoron sata, a ɗaure shi da sarƙa. Haka nan ɗakin mai jego: a ɗumama shi, amma a fitar da kasko kafin a kwanta, domin jariri ba ya iya cewa kansa na ciwo.

Idan kun tarar da wanda abin ya kama, ku buɗe ƙofa da taga, ku kashe janareto ko ku fitar da garwashi, ku fito da shi fili. Kada a ɗura wa wanda ya suma madara ko manja, zai iya sarƙewa. A garzaya da shi asibiti ko da ya farfaɗo, a gaya wa ma'aikatan lafiya abin da ya shaƙa, domin oksijin za su sa masa.

Hayaƙin madafi shi ma yana da tasa ɓarnar, sai dai a hankali yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020, ta hanyar ciwon huhu, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Uwa tana hura wuta, goyo na bayanta yana shaƙa tare da ita. A yi girki da busasshen itace, a fasa wa madafi taga ta sama, kada a kunna wuta da leda ko roba, a sauke goyo nesa da murhu.

Abin da wuta ta fitar kuma ba ya tsayawa a gidanmu. Kabon dayoksaid daga fetur, kwal, gas da dazuzzukan da ake ƙonewa tana taruwa a sama, tana riƙe zafin rana kamar bargo. Kafin zamanin masana'antu, wajen 1750, kashi 280 ce cikin miliyan na iska. Yanzu ta haura 420, kuma mafi yawan ƙarin daga manyan ƙasashe masu masana'antu ya fito. Wannan ne tushen canjin yanayi, wanda za mu ɗauka a darasi na goma.

Aikin gida: ku kwafi kalmomin nan sau uku-uku: oksijin, garwashi, janareto, taga, guba. Sannan kowa ya duba inda ake girki da inda ake ajiye janareto a gidansu, ya rubuta jimla biyu a kan ta inda iska ke shiga da ta inda take fita. Ku zo da su aji mako mai zuwa.