Yadda zaka fara tara tsofaffin katunan baseball ba'a damfare ka ba

Da farko dai, su katunan nan masu hotunan ƴan wasan baseball ne, kar ka ce sai ka mallaki kowane kati, wallahi aljihu bazai ɗauka ba. Ka zaɓi ɗan wasa ɗaya ko shekara ɗaya ka tsaya a kai. Ni da zan baka shawara sai ince ka fara da Jackie Robinson, baƙar fatan da ya karya wariyar launin fata a babbar lig ta Amurka da ya shiga ƙungiyar Brooklyn Dodgers a 1947, ko Hank Aaron wanda katinsa na farko na Topps, kamfanin da ke buga katunan, ya fito a 1954. Katin shekarar farko na ɗan wasa yawanci shi yafi tsada, to sai ka faro daga na shekarun baya.

Su katunan nan asalinsu kyauta ce a cikin kwalin sigari, daga baya kuma cikin cingam, yara na ɗaure su da roba suna maƙalawa a sifokin keke don yayi ƙara, shi yasa mai lafiya ke wuyar samu. Jerin katunan da ake kira T206 na kamfanin sigari American Tobacco Company daga 1909 zuwa 1911 aka buga su, a ciki ne akwai na ɗan wasa Honus Wagner da aka dakatar da bugawa tun da wuri, waɗanda suka rage basu kai 100 ba. Na ɗan wasa Mickey Mantle kuwa, Topps 1952, an sayar da guda ɗaya dala miliyan 12.6 a 2022. Waɗannan na kallo ne kawai malam.

In kati yazo hannunka duba kusurwoyi huɗun ko sun dakushe, sannan hoton yana tsakiya ko ya karkace gefe ɗaya, sai ka haska tocilan wayarka a kaikaice don layin lanƙwasa yana ɓuya in ka kalle shi kai tsaye, kuma ka auna shi da rula, tunda daga 1957 girman na Topps inci 2.5 ne da 3.5, in ya gaza to wataƙila an yanke gefen da reza don yayi kama da sabo. Kar ka raina wannan, ko shahararren katin Wagner ɗin da PSA, kamfanin da ke duba sahihancin kati da lafiyarsa, ta fara tantancewa, daga baya ya tabbata an datse shi.

In dai kuɗin da yawa, sayi wanda PSA ko takwararta SGC suka rufe a roba da makinsa daga 1 zuwa 10, ka saka lambar jikinsa a shafinsu ka gani ko ta dace. Maki 3 na gaske yafi min 8 na jabu. Katunan wajen 1987 zuwa 1994 kuma kar wani ya ruɗe ka da tsufa, an buga su kamar ƙasa, yawancinsu basu da wata daraja.

Ajiya kuma, kowanne a ledarsa sannan cikin roba mai tauri, nesa da rana da danshi, kuma kar ka kuskura ka kai shi a yi masa laminatin.