Wutar juji: ƙasa ce maganinta, ba ruwa ba

Na yi shekaru ina tuƙa katafila a wani juji da ke bayan gari a Kano. Duk ranar da hayaƙi ya tashi, sai ka ga jama'a sun yo ca da bokitai. Ruwa yakan kashe harshen da ido ke gani, amma wutar juji irin ta ƙaiƙayi ce, ta ƙasa take ci. Shara idan tana ruɓewa tana yin zafi, tana kuma fitar da iskar metan mai kamawa da wuta, wadda ita ce kusan rabin iskar da tsohon juji ke fitarwa. Shi ya sa da jujin Olusosun na Legas ya kama a watan Maris na 2018, ya kwashe kwanaki yana turnuƙe unguwanni da hayaƙi.

Rigakafin daga bakin ƙofa yake farawa. Ka duba kowace tifa da kowane baro. Tokar masu shayi da masu tsire da ta gidan biki takan zo da garwashi a ɓoye, don haka a zube ta gefe a kan tsurar ƙasa, a baza, a jiƙa. A tsince batirin waya da gwangwanin maganin sauro, domin idan katafila ta taka su suna iya fashewa.

'Yan jari-bola kuwa, ban ga amfanin korarsu ba, abincinsu suke nema, kuma su ne ke fara hango hayaƙi. Sai dai a zauna da shugabansu a yi magana: ba ƙona waya don cire tagulla, ba ƙona taya, ba shan taba a kan shara.

Babban aikin shi ne rufewa. Kowace yamma a danne sharar ranar sosai, a bi ta da ƙasa mai kaurin santimita 15. Kafin hunturu ya shigo, a tara tudun ƙasa kusa da inda ake zubarwa, a kuma share busasshiyar ciyawar da ke kewaye. Wanda ya bari sai wuta ta tashi sannan ya fara neman tifar ƙasa, ya makara.

Idan ta kama, fara kiran 'yan kwana-kwana ko lambar 112. Ka tsaya ta inda iska ke tahowa, a janye yara da tsofaffi da masu asma. Jiƙaƙƙen ƙyalle a hanci ba ya tare gubar hayaƙin leda, kada ya yaudare ka. Ƙaramar wuta ta sama, a ware ta daga sauran sharar da shebur, a baza, a jiƙa, a binne.

Ta ciki ita ce mai hatsari. Za ka ga hayaƙi na fitowa ta tsaga, wurin ya ɗan lotsa. Kada kowa ya taka nan, ƙarƙashinsa ramin garwashi ne. Kada kuma a tone shi da gaggawa, iska za ka ba ta. A toshe tsagogin da ƙasa mai laka, a danne daga gefe. Ko an kwarara mata ruwa ba ya kaiwa gindinta, ƙazamin ruwan ma rijiyoyin maƙwabta yake iya gangarawa.

Bayan ta lafa, ni nakan zagaya wurin kullum bayan sallar asuba har tsawon mako biyu. A sanyin safiya ne tururin da ya rage yake nuna kansa.