Kurakuran da ke cinye diyyar wanda ya ji rauni a hatsarin mota

Sau da yawa mai neman diyya yakan ɓarar da haƙƙinsa ne tun a makon farko, kafin ma ya ga lauya.

Na farko, mutum ya tashi yana kakkaɓe riga yana cewa "lafiyata ƙalau". A lokacin firgici jiki yakan danne zafi. Ciwon wuya da fizgar kai ke jawowa, musamman idan ta baya aka bugi motar, yakan ɗauki awa 24 zuwa 48 kafin ya bayyana. Buguwar ƙwaƙwalwa da zubar jini ta ciki su ma sukan yi lamo da farko. Wanda sai bayan mako uku ya je asibiti, kamfanin inshora zai ce a wani wurin ya samo ciwonsa. A ga likita a ranar, a faɗa masa duk inda ke ciwo, har wanda ake ganin bai taka kara ya karya ba, a tabbata ya rubuta cewa hatsari ne sanadi. Kada kuma a daina zuwa gashin ƙashi don an ɗan ji dama-dama, domin giɓin da zai fito a fayil shi za su riƙe su ce an warke.

A wurin hatsarin, a ɗauki hoto kafin a janye motocin: yadda suka tsaya, shatin birki a kwalta, lambar ɗaya motar da takardar inshorarta. A karɓi lambar wayar shaidu, a samu rahoton 'yan sanda. Yi wa mutum sannu ba laifi ba ne, amma "ni ne da laifi" magana ce mai tsada; yawancin takardun inshora sun hana amsa laifi ba da izinin kamfani ba. A sanar da kamfanin da wuri, kada kuma makaniki ya taɓa motar sai mai tantance ɓarna ya gan ta.

Mafi muni shi ne sa hannu da gaggawa. Wakilin kamfani zai kira da murya mai taushi, ya yi tayin kuɗi mutum na kwance, ga kuɗin asibiti na jira. Takardar da ke biye da tayin takan ce an karɓi wannan a matsayin biya na ƙarshe. Idan bayan wata shida likita ya ce gwiwar sai an yi mata aiki, ƙofa ta riga ta rufe. A jira sai likita ya iya faɗin inda raunin zai tsaya: warkewa sarai, ko naƙasa, kuma ta wane mataki. Idan buƙata ta matsa, a nemi a ba da wani kaso tukuna, kafin a kammala lissafin diyyar. Wakilin nan ba mugu ba ne, amma albashinsa daga kamfani yake fitowa.

Diyya iri biyu ce. Akwai wadda ake lissafawa da rasit: magani, hoton ƙashi, kuɗin zirga-zirga zuwa asibiti, albashin kwanakin jinya. Akwai kuma ta raɗaɗi da abin da mutum ya daina iyawa. Ta farko ba ta tsayawa sai da takarda, don haka a adana kowane rasit. Ta biyu, ɗan littafin da ake rubuta halin kowace rana yana taimaka mata, hoton rawa a Facebook kuwa yana rusa ta.

Sakacin wanda ya ji raunin ma yana rage rabonsa. A wani hukunci na 1975, kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta tsayar cewa a zabge wa wanda bai ɗaura bel ɗin mota ba kashi 25 cikin ɗari na diyyarsa idan ɗaura bel zai hana raunin gaba ɗaya, kashi 15 idan zai sassauta shi kawai.

Sai wa'adin shigar da ƙara: shekara 3 a Ingila, 2 a jihar Kalifoniya ta Amurka, 10 a Faransa. A tambayi lauya wa'adin ƙasar da abin ya faru tun farko, domin a wurare da dama musayar wasiƙu da kamfani ba ta dakatar da ƙirgen.