Darasi na Bakwai: Wuta da Haɗarin Gida a Lokacin Sallah

Ranar Sallah gida a cike yake. Yara suna hutun makaranta, baƙi na shiga suna fita, murhu biyu ko uku suna ci a lokaci guda. Maigida yana zaure wajen gaisawa, uwargida tana tsakanin madafa da tarbar 'yan barka da Sallah. Kowa yana zaton akwai mai lura da wuta, akwai mai lura da yaron da ke rarrafe. Sau da yawa babu kowa.

Hausawa na cewa gobara daga kogi maganinta Allah. Amma gobarar gida ba daga kogi take tasowa ba. Daga kaskon suya take tasowa, ko tukunyar gas, ko jarkar fetur da aka tura ƙarƙashin gado. Ya zo a hadisi ingantacce cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, sai Annabi (SAW) ya ce wuta abokiyar gaba ce, a kashe ta idan za a kwanta. Ke nan kiyaye wuta ba rashin tawakkali ba ne.

Kaskon suya

Da Babbar Sallah ana suyar naman layya, da Ƙaramar Sallah ana suyar cincin da dubulan da kaji. Dukkansu da mai ake yin su, mai kuwa idan ya yi zafi ya wuce kima sai ya fara hayaƙi, daga nan ya kama da wuta shi kaɗai, ko ba a kusanto masa da ashana ba.

Abin da hannu yake fara rarumowa a wannan lokaci shi ne ruwa. To, nan ne ɓarnar take. Ruwa yana tafasa a ma'aunin zafi 100, man suya kuwa yana kai 180 ko fiye. Ruwa ya fi mai nauyi, saboda haka idan aka watsa shi sai ya nutse ƙasan kasko, ya zama tururi nan take, ya feso man sama yana ci da wuta. Wutar da ba ta wuce bakin kasko ba sai ga ta a fuskar mai girki da rufin ɗaki.

Ga abin yi. A kashe risho ko gas, idan murhu ne a janye itacen. A kifa murfin ƙarfe ko babban faranti a kan kaskon. Ban da faifai, ban da murfin roba. Wuta ba ta ci sai da iska, da zarar an rufe ta za ta mutu. Kada a ɗaga murfin don a leƙa, a bari sai kaskon ya huce. Kada kuma a ɗauki kasko yana ci a yi waje da shi, domin mai zai zubo a hannu da ƙafa da duk wanda aka ci karo da shi. Idan man ya malala a ƙasa yana ci, a zuba masa yashi.

Tun farko kada man ya wuce rabin kasko. A tsane nama daga ruwa kafin a saka. Wadda take suya kada ta yi da goyo, a miƙa wa wani ya riƙe.

Sai maganar kayan Sallah. Mayafi da dogon hijabi da riga mai faɗin hannu suna lasar wuta ba tare da mai su ta sani ba. Yadin roba ya fi muni, domin narkewa yake yi ya manne a fata. Kwalliya ta jira a gama girki. Idan kuwa tufafi sun kama, kada a ruga da gudu, gudu iska yake ƙara wa wuta. A tsaya, a kwanta, a rufe fuska da hannu, a yi ta birgima. Wanda yake kusa ya lulluɓe mutumin da bargo ko ya kwara masa ruwa.

Gas, fetur da lantarki

Gas ɗin girki ya fi iska nauyi. Idan yana yoyo ba ya tashi sama, ƙasa yake kwanciya ya taru a lungu. Da gangan aka sa masa wari don a gane shi. Wanda ya shiga madafa ya ji warin gas, kada ya ƙyasta ashana, kada ya taɓa makunnin lantarki, ko kunnawa ko kashewa, domin ɗan tartsatsin da ke cikin makunni ya isa. Ya rufe kan tukunyar, ya buɗe ƙofa da taga, ya fitar da mutane. Idan ana son gano inda yake yoyo, a shafa kumfar sabulu a tiyo da mahaɗarsa. Inda kumfa ta riƙa kumbura, nan ne. Tiyon da ya tsage a sauya shi, ba a ɗaure shi da leda ko ƙyallen roba.

Fetur ba kayan ɗaki ba ne. Tururinsa kaɗai yana kamawa daga nesa. Kada a zuba wa janareta mai yana aiki ko yana da zafi, kada kuma a haska tankin da kyandir ko fitilar ƙwai. Haka risho, a kashe shi ya huce kafin a ƙara kananzir.

Akwai gobarar da take tashi bayan kowa ya fita. An jona dutsen guga za a goge kayan idi, ko an tsoma hita a bokiti, sai aka ɗauke wuta. Aka manta, aka kulle ɗaki aka tafi yawon Sallah. Da aka kawo wuta babu kowa a gida. Dokar a nan guda ce: da zarar an ɗauke wuta a zare komai daga soket. Wutar da ta tashi daga wayar lantarki kuwa ba a watsa mata ruwa sai an kashe babban makunnin gida.

Hayaƙin da ba a gani

Sallah tana matsowa baya da kamar kwana 11 kowace shekara, don haka wani lokaci takan faɗo cikin zafi, wani lokaci cikin hunturu. Da zafi ana kwana da janareta saboda fanka. Da sanyi ana shiga ɗaki da kaskon garwashi a rufe ƙofa. Duka biyun suna fitar da wata iska mai guba da likitoci ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Alamarta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala. Mai barci kuwa ba ya jin komai, shi ya sa akan wayi gari a tarar da iyali guda ba su tashi ba.

Janareta a waje yake zama, nesa da taga da ƙofa. Ban da zaure, ban da ƙarƙashin bene, ban da shagon da aka kulle. Tsoron ɓarawo ne yake sa a shigo da shi, mun sani, amma keji na ƙarfe a tsakar gida ya fi araha. Idan mutane biyu ko uku a ɗaki guda suka kama ciwon kai tare, a fita iska nan da nan, a nufi asibiti.

Igiyar leƙo da turaren wuta ma a nisanta su da katifa da labule da gidan sauro.

Idan an ƙone

A sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai tsabta, mai ɗan sanyi, har minti 20. Idan babu famfo a riƙa zubawa da buta ko moɗa. Minti 20 yana da tsawo ga mai jin yaro yana kuka, amma a daure, domin zafin yana ci gaba da cin nama ko bayan an rabu da wutar. Kada a sa ƙanƙara. A cire zobe da awarwaro da agogo kafin wurin ya kumbura. Tufafin da ya manne a fata kada a ja shi.

Za a samu mai cewa, "Inna, a shafa masa manja," wata ta ce ɗanyen ƙwai, wani ya ce man goge baki ko gishiri. Duk a ba su haƙuri. Waɗannan suna riƙe zafi, suna jawo ƙwayoyin cuta, suna kuma wahalar da ma'aikacin asibiti wajen wanke ciwon. Kada a fasa bororo. A rufe da ƙyalle mai tsabta. A tafi asibiti idan ƙunar ta kai faɗin tafin hannun wanda ya ƙone, ko tana fuska, hannu, ƙafa ko al'aura, ko ta lantarki ce, ko kuma ƙaramin yaro ne ko tsoho.

Yara suna da nasu haɗarin ko babu wuta. Kananzir a robar lemo yaro sha yake yi. Idan ya sha kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, domin kananzir ɗin zai iya faɗawa huhu. A kai shi asibiti. Wuƙaƙen fiɗa a kwashe su da an gama. Rijiya a rufe, baho da bokitin ruwa a kifar, mai rarrafe yana iya nutsewa a ruwan da bai kai tsawon hannu ba.

Idan wuta ta fi ƙarfi

Mutane ake fara fitarwa, ba kaya ba. Idan hayaƙi ya cika ɗaki a fita da rarrafe, iskar ƙasa ta fi kyau. A ƙirga yara a waje, har da na baƙi, domin yaro idan ya tsorata ƙarƙashin gado yake shigewa. Wanda ya fito kada ya koma. A kira 'yan kwana-kwana tun wutar tana ƙarama. A Nijeriya lambar gaggawa ita ce 112, a Nijar kuwa ta masu kashe gobara 18. A faɗi unguwa da layi da wata alama sananniya, kamar masallaci ko makaranta, a tura yaro bakin titi ya nuna wa mota hanya.

Aikin gida

Kowa ya rubuta lambar gaggawa da manyan baƙaƙe ya manna a bango. Ya zagaya gidansa ya rubuta abubuwa uku da ya ga ya kamata a sauya musu wuri kafin Sallah. A zama na gaba za mu karanta su tare, kuma mutum biyu za su fito su nuna mana yadda ake kashe wutar kaskon suya da murfi.