Yadda za ka binciki rayuwar Oscar Traynor ba tare da ka ruɗe ba

Traynor ɗan Dublin ne, babban birnin Ireland, mayaƙin neman 'yanci, ɗan siyasa kuma ɗan ƙwallo, an haife shi a 1886, ya rasu a 1963. Kafin komai, ja layin shekaru a takarda ka raba shi uku: yaƙi, gwamnati, ƙwallo. Mai bincike kan kama ɗaya ya manta da sauran, alhali a 1948 da ya zama shugaban hukumar ƙwallon Ireland, wato FAI, ya riga ya yi kusan shekara 9 yana ministan tsaro.

Fara da bayanin da ya bayar da bakinsa ga Bureau of Military History, hukumar da ta tattara bayanan mayaƙan neman 'yancin Ireland. Yana shafin rumbun tarihin sojan Ireland a intanet, kyauta. A nan za ka karanta boren 1916 na adawa da mulkin Birtaniya da yadda ya jagoranci mayaƙa a otal ɗin Metropole a Dublin. Amma a kula, an yi ta tattara waɗannan bayanai ne daga 1947, shekara 30 bayan abin ya faru, kuma iyakarsu 1921. Saboda haka yaƙin basasar 1922, inda ya tsaya da masu ƙin yarjejeniya da Birtaniya, sai ka neme shi a takardun fansho na tsofaffin mayaƙa. Harin da aka kai wa Custom House, ginin gwamnatin Birtaniya a Dublin, a 25 ga Mayu 1921 kuwa, kada ka tsaya ga bakinsa kaɗai, tunda shi ne kwamandan rundunar Dublin da ta kai harin, kuma an kashe mutanensa biyar, an kama da yawa. Gwada da bayanan ƙananan mayaƙa.

Siyasarsa ba wuya. Muhawarorin majalisar dokokin Ireland, wato Dáil, suna intanet, ka duba 1939 zuwa 1948, da 1957 zuwa 1961 lokacin yana ministan shari'a.

A ƙwallo ne ake yawan tuntuɓe. Ya tsare wa Belfast Celtic raga daga 1910 zuwa 1912, kafin a kafa FAI a 1921, don haka labarin wasanninsa yana jaridun Belfast, ƙarƙashin IFA, hukumar ƙwallon da ke Belfast. Sannan ka nemi jaridun Oktoba 1955: Archbishop McQuaid, shugaban cocin Katolika na Dublin a lokacin, ya nemi a soke wasa da Yugoslabiya mai bin kwaminisanci, FAI ta ƙi, aka buga a Dalymount Park, baƙi suka ci 4-1. Karanta jarida fiye da ɗaya, domin kowacce da ɓangaren da ta karkata.