Kurakuran da iyalai suka fi yi a yawon Fas, Miknas, Rabat da Marakesh

Duk wanda ya tashi kai iyalinsa Maroko yawon buɗe ido, sunaye huɗu ake fara lissafa masa: Fas, Miknas, Rabat da Marakesh. Kowanne a cikinsu ya taɓa zama fadar mulkin ƙasar, shi ya sa ake haɗa su a zagaye guda. Ga Bahaushe ma wurin ba baƙo ba ne gaba ɗaya, domin a Fas Shehu Ahmadu Tijjani yake kwance, a Marakesh kuma akwai Alƙali Iyad mai Ashafa da Imam Jazuli mai Dala'ilu. Duk da haka iyalai da yawa sukan dawo a jigace, yara sun sha kuka, uwargida ta ƙosa, guzuri ya ƙare tun ba a ci rabin hanya ba. Yawancin abin da ke jawo haka a gida ake ƙulla shi, ranar da maigida ya zauna shi kaɗai ya auna tafiyar da ƙarfin ƙafarsa, ya manta da ɗan shekara huɗu da kuma Hajiya mai ciwon gwiwa.

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne cusa garuruwan nan huɗu cikin mako ɗaya. A taswira sai ka ga kamar suna maƙwabtaka, amma daga Fas zuwa Marakesh a jirgin ƙasa awa shida da rabi ne zuwa bakwai. Wasu sukan dogara da labarin Al Boraq, jirgin nan mai tsananin gudu da aka buɗe a 2018, ba su san tsakanin Tanja da Kasablanka yake zirga-zirga ba, ta Rabat, bai leƙa Fas ba. Sannan duk ranar da za a sauya gari a cire ta daga lissafi: a haɗa kaya, a shirya yara, a nemi mota, a isa tasha, a sauka, a sake neman masauki, sai ga magariba. Wanda ya sauya masauki sau huɗu a kwana bakwai, rabin hutunsa a bakin akwati ya ƙare.

Gyaran shi ne a kafa sansani biyu kawai, Fas da Marakesh. Miknas ba ta kai tafiyar awa ɗaya daga Fas ba, a je da safe a dawo da yamma, kaya suna ajiye a ɗaki. Rabat kuma a kan hanya take, tunda jirgin Fas zuwa Marakesh ta can yake bi, sai a yada zango a kwana ɗaya ko biyu, doguwar tafiyar ta rabu gida biyu. Wannan tsari yana son kwana goma zuwa sha biyu. Idan mako guda ne kurum a hannu, ni shawarata a bar Marakesh sai wani karon, a ba Fas haƙƙinta. A sayi tikitin jirgi tun da sauran kwanaki domin iyali su samu kujeru wuri ɗaya. A yawancin jiragen ajin farko ɗakuna ne masu kujera shida, wanda ya yi wa iyali daidai.

Sai lokacin tafiya. Hutun makaranta mai tsawo a Yuli da Agusta yake faɗowa, ɗaya kuma a Disamba, su ne kuma lokuta mafi wuya a can. A Agusta zafin Marakesh yakan haura digiri 40. Mutumin Sakkwato zai ce ai wannan ba komai ba ne, ya manta cewa a gida ba ya wuni yana yawo a ƙasa da yara cikin tsakar rana. Disamba ta fi yaudara: "ai Afirka ce," sai a tafi da 'yan riguna marasa nauyi, a tarar da Fas cikin ruwan sama da sanyi mai ratsa ƙashi, tsofaffin gidajen kuma an gina su ne domin su riƙe sanyi. Hutun Afrilu ya fi dacewa, haka ma Oktoba ga wanda ya samu dama. In dole sai Agusta, a fita da sassafe, a dawo kafin azahar, a sake fita bayan la'asar. In Disamba ce, kafin a biya kuɗin ɗaki a tambaya ko akwai na'urar ɗumama shi.

Masauki ma wuri ne da hoto ke ruɗin mutane. Tsofaffin gidajen cikin gari da aka mayar masaukin baƙi, waɗanda ake kira riyad, suna da kyau ƙwarai: tsakar gida mai maɓuɓɓugar ruwa, bango mai ado, karin kumallo a saman soro. Abin da hoton ba ya nunawa shi ne mota ba ta shiga tsohon garin Fas. Tasi zai sauke ku a Bab Bujulud, ƙofar nan mai shuɗin ado, da akwatuna shida, masaukin kuma yana can ƙasa cikin lunguna masu gangara da matakala. Daga nan sai mai kura ya ɗora kayan, ku bi shi a ƙasa, Hajiya tana tsayawa tana cewa, "Wai har yanzu da saura?" In an isa, ɗakin yana hawa na uku, matakalar ƙunci gare ta, babu lif. Kafin a biya, a rubuta musu a tambayi abu uku: minti nawa ne a ƙasa daga inda mota ke tsayawa, akwai ɗaki a ƙasa domin tsofaffi, kuma suna karɓar ƙananan yara, don wasu ba sa karɓa. Mai yaro ɗan rarrafe ya lura da kwarmin ruwan tsakar gida, ba a kewaye shi. Keken tura jariri kuwa a bar shi a gida, goyo da zani ya fi shi amfani nesa ba kusa ba.

Ƙaramin tasi na cikin gari, ja a Fas, shuɗi a Rabat, mutum uku kawai doka ta yarda ya ɗauka, kuma direbobi sukan ƙirga yaro a matsayin mutum. Iyalin mutum biyar mota biyu za su shiga, don haka kowane babba ya riƙe katin masaukin da kuɗi a jikinsa, kuma a ce wa direba ya kunna mita tun kafin a tashi.

A cikin Fas kanta, kuskuren da aka fi yi shi ne shiga ba tare da ɗan jagora ba a rana ta farko, ko kuma bin duk saurayin da ya tare ka ya ce hanyar gaba a rufe take, zo in nuna maka. Ƙarshen wannan rakiya shagon darduma ne. A nemi masauki ya samo jagora mai katin shaida na hukuma, a yi ciniki tun farko, a faɗa masa ƙarara cewa tarihi da ziyara aka zo, ba sayayya ba. Rabin yini ya isa ya nuna muku manyan hanyoyi biyu da ke gangarawa daga ƙofar, Tala'a Kabira da Tala'a Sagira, da makarantar Bu Inaniya ta ƙarni na 14, da masallacin Ƙarawiyyin da Fatima al-Fihri ta kafa a 859. Bayan haka kwa iya yawonku. A koya wa yara cewa da sun ji an ce "balak", alfadari ne ke tafe da kaya, su manne da bango. A majemar Shuwara za a miƙa muku ganyen na'ana'a ku kare hanci, kada a ƙi karɓa. Yaron da ya taɓa ganin marinar Ƙofar Mata zai gane ramukan nan da kallo ɗaya.

Ranar Juma'a tana da nata hukunci. Shaguna da yawa a tsohon garin ba sa buɗewa, wanda ya ajiye tsaraba sai ranar ya yi asara. Amma ga mai niyyar ziyarar zawiyar Shehu Tijjani, wanda ya rasu a 1815, babu ranar da ta kai ta, saboda zikirin bayan la'asar. A tsara yadda Juma'a za ta riski iyali a Fas, a yi sayayya ranar Alhamis ko Asabar. Masallatai da dama ana rufe su tsakanin salloli, saboda haka a daidaita zuwa Ƙarawiyyin da lokacin salla, a ɗan zauna bayan magariba a saurari karatun hizbi cikin ruwayar Warshu, irin wadda aka saba ji a makarantun allo. Iyalin da ba Musulmi ba su sani cewa ba a ba su izinin shiga masallatan Maroko, in ban da kaɗan irin masallacin Hassan na Biyu da ke Kasablanka.

Akwai wani kuskure da ba a cika lura da shi ba, ni kuwa ina ganin shi ke kashe wa yara tafiyar: a kai su gaban gini a ce su tsaya a ɗauki hoto, ba a faɗa musu komai ba. Ga yaro, hasumiyar Hassan da ke Rabat jan dutse ne kawai, sai in an gaya masa cewa Sarki Yaƙub al-Mansur ya so gina masallacin da babu kamarsa, ya rasu a 1199 aikin ya tsaya cak, ginshiƙan da yake gani a jere ba su taɓa samun rufin da aka nufa ba. Fadar Badi a Marakesh kango ce da shamuwa ke sheƙa a kan bangonta, amma mai ita, Ahmad al-Mansur, shi ne ya tura rundunar da ta ratsa Sahara ta karya daular Songhai a 1591, kuma a sanadin haka aka kawo malamin Tambutu, Ahmad Baba, garin nan a tsare. Labari ɗaya kafin a fita kowace safiya ya wadatar, wuri biyu a yini kuma ya ishi yaro. Ranar Miknas, a ga ƙofar Bab Mansur, in za a ƙarasa kangon Rumawa na Walili a je da wuri da ruwan sha da hula, babu inuwa a wurin.

Dandalin Jami'ul Fana a Marakesh da daddare abin gani ne, amma komai na cikinsa da kuɗinsa. Mai maciji da mai biri za su bar ka ka ɗauki hoto, sannan su faɗi farashi. Masu lalle sukan kama hannun yarinya su fara zane kafin uwarta ta buɗe baki. A riƙe hannun yara, a yi ciniki kafin komai, kuma a guji baƙin lalle, domin ana haɗa shi da sinadarin da ke ƙona fatar wasu.

Abinci halal ne, sai dai babu yaji yadda muka saba, a tafi da ɗan garin yaji a kwalba. Kwanon tajin ko kuskus yakan ishi babba da yaro, kada a yi odar kwano shida. Masu fasfon Najeriya suna bukatar biza, a nema da wuri kafin a biya kuɗin da ba a mayarwa. Turancin Ingilishi ba ya kai mutum nesa a kasuwa, Faransanci ko Larabci ne ke aiki, 'yan Nijar sun huta ta nan. Dirhami kuwa a can ake samunsa, a tafi da dala ko yuro a canza, a riƙe ƙananan kuɗi domin mai kura da tasi, a adana rasidin canji saboda mayar da ragowar a filin jirgi. Daren ƙarshe a kwana a Kasablanka, kada a taso daga Marakesh ranar tashin jirgi, tafiyar kusan awa uku ce kafin ma a kama jirgin ƙasan da ke shiga filin jirgin Muhammad na Biyar.